Ƙugiyar da Aka Yi wa Wanka

"Mama, shi ma ƙarfen nan jariri ne a cikinsa, kamar ke?"

A gaban Oga 'yar Injiniya ta yi wannan tambayar, alhali uwar ba ta gaya wa kowa a wurin aiki tana da juna biyu ba. An tashe su daga makaranta da wuri, dole ta taho da ita. Laifin man nan ne mai sanyi da yauƙi. Yarinyar ta ga an shafa wa uwarta irinsa a asibiti, yau kuma ga uwar tana shafa wa ƙarfe. Oga ya yi tari, ya ce Allah ya raba lafiya, ya ƙura wa silin ido.

Abin da ke kan teburin ƙugiya ce ta injin ɗaga kaya, daga ma'aikatar da mijinta yake aiki. Kullum a ƙarƙashinta yake kai da kawo. Aikin Injiniya shi ne ta tura sauti cikin ƙarfen da na'ura. In akwai tsaga a ɓoye, sautin zai dawo, layi ya yi tsalle a allo.

Layin yana kwance lafiya lau. Direban da ya kawo ƙugiyar sai kaɗa makulli yake, yana cewa ai bara ma haka aka gani, a sa hannu ya kama hanya.

Hankalinta dai bai kwanta ba. Ko ƙarfe lafiyayye ne, ya kamata sautin ya bugi bangon can gefe ya dawo. Nan kuwa shiru. Ta shafa wuyan ƙugiyar da yatsa: a lanƙwashe yake, duk gargada. Bakin na'urar sumul yake, bai zauna ba, iska na shiga tsakani. Ashe sautin ko shiga bai yi ba.

Ta sa aka cika baho da ruwa, aka tsoma ƙugiyar. Ruwa kam ba ramin da ba ya shiga. Direba ya ce shi dai bai san wanka ya kawo ƙarfe ba, a miƙo soso da sabulu. Ita kuwa ta riƙa juya bakin na'urar a cikin ruwan sannu a hankali, tana bin lanƙwasar, har amsar bangon ta fito. Can kusa da wuya, wani layin ya yi zumbur ya miƙe.

"Oga, zo ka gani."

Ya duba, ya karɓa da hannunsa ya sake dubawa, sannan ya ɗauko jan fenti ya zabga wa ƙugiyar, alamar ta tashi daga aiki. Makullin direba ya daina ƙara. Da aka yanka wuyan, tsagar ta ci kusan rabinsa.

Yarinyar ta tambaya ko an ga jaririn. Uwar ta ɗaga ta sama duk da nauyin jikinta, tana dariya, ta ce an ga abin da ya so ya taɓa mata Baba, an kuma kama shi.

Kai ma, duk ranar da aka ce maka na'ura ba ta ga komai ba, kada ka bar naka ya tsaya a ƙarƙashin ƙarfen nan sai ka tabbatar sautin ya shiga.