Kada A Zo Da Goyo

A Ƙofar Marusa an san ni da abu biyu, iya tuwon biki da rashin ragayya. Sunana Sa'adiya, amma tun da na sauke farali kowa Hajiya Sa'a yake ce mini. Da auren autata Sumayya ya taso, na sa bikin a tsakiyar Sha'aban kamar yadda kowa ke yi, don amarya ta yi azumin fari a ɗakinta. Na raba anko, na aro tukwane, na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarona cewa bana za a ga biki.

Ana cikin haka sai ga Jamila ta shigo da jakar kwamfutarta. 'Yar ƙanena ce, a hannuna ta tashi. Ta yi karatun lissafi har muka gaji da tambayar yaushe za ta gama, yanzu tana aiki da masu bin sawun annoba. Ba ta allura, ba ta rubuta magani. In ka tambaye ta aikinta sai ta ce tana lissafin yadda ciwo ke yawo a gari. Na daɗe ina yi mata tsiya, ina kiranta likitar da ba ta taɓa taɓa goshin majiyyaci ba.

Ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi gajiya da hidima, sannan ta ce, "Gwaggo, magana gare ni, kuma na san ba za ki so ta ba."

Na ce, "To in kin sani mi ya kawo ki?"

Ta yi dariya ta buɗe kwamfutar a kan tabarma. Na ga wani layi yana hawa yana sauka kamar kunyoyin gona, wasu dogaye wasu gajeru.

Ta ce, "Wannan ƙyanda ce, baƙon dauro. Mun tattaro rahoton duk wadda aka yi a garin nan tun kahin a haife ni, daga manyan asibitoci da ƙanana. Kowane sati yara nawa suka kamu, kuma a wace unguwa. Daga nan muka gane yaro guda in ya kamu yara nawa yake shafa ma, da kuma yadda yaran da ba a yi ma allura ba ke taruwa shekara da shekara har su ishi ciwon ya tashi. Sai muka koya ma na'ura."

"To Allah ya ba na'ura lada. Mi ya haɗa ta da bikina?"

"Abin da ya daɗe shina ba mu wahala, Gwaggo, duk cikin rani ciwon ke zuwa, amma wata shekara tudun ya yi tsawo, wata ya kwanta. Da muka aje kalandar Bature muka jera satuttukan bisa watanninmu, sai abin ya zauna. In Sha'aban ya faɗo cikin rani, kuma yaran da ba su da allura sun taru, to bayan bukukuwa yake tashi, cikin azumi. Bana kau duka biyun sun haɗu."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Wato biki ne ya zama annoba?"

Ta ce, "Ɗakin uwar amarya ne. Mata maƙil, labule sake, kowace da goyonta, a kwance su a jera bisa gado guda. In guda ya shigo da ciwon, iskar ɗakin kaɗai ta isa."

Ta ƙara da cewa ta sa na'urar ta maimaita wannan shekarar sau dubbai, kowane karo da ɗan bambanci, kuma a mafi yawansu ciwon ya ɓarke. Ba a duka ba. Ta ce ita ba ta san gaibu ba, ba za ta iya cewa gidan wane zai faɗa ba. Na ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni na yi biki ya fi a ƙirga tun tana tsumman goyo. Don dai in kama ta da ƙarya na ɗora yatsa a kan tudun da ya fi kowanne tsawo, na ce wannan wace shekara ce. Ta faɗa mini.

Na san shekarar. Azumin ne da muka yi ta zaryar gaisuwar mutuwa daga wannan lungu zuwa wancan, duk ta ƙananan yara, wasu ko zama ba su fara ba. Mun ce ikon Allah, kuma ikon Allah ne. Amma ban taɓa jin wadda ta waiwaya ta tuna cewa watan da ya gabace shi mun kwashe shi muna yawon biki da goyo a baya ba.

Abin da Jamila ta roƙa ba shi da yawa a baki. Jaririn da bai kai wata tara ba, tunda ba a kai ga yi masa allurar ba, kada a zo da shi. Haka yaron da ba a yi masa ba ko ya girma, haka duk mai zazzaɓi. A baki ke nan. A aikace kuwa, in ka ce wa mace kada ta zo da goyonta ka ce mata kada ta zo ne, kuma a garin nan ba a taɓa yi ba.

Na ce, "Zuwaira hwa?"

Jamila ta sunkuyar da kai ta ce, "Ita ce ta fi tsaya mani a rai."

Zuwaira aminiyata ce tun muna zuwa makarantar allo. Ita ta riƙe mini bikin duk 'ya'yana, ni na riƙe nata. 'Yarta guda tilo ta rasu wajen haihuwa, ta bar mata ɗa, Yazid, wanda a lokacin watansa bakwai. Bai sha nonon uwa ba, da madara ta raine shi, kuma ba ta taɓa yarda ya kwana ko ya wuni a hannun wani ba. Ko banɗaki za ta shiga sai ta yi ta waige.

Sauran mata na tura musu saƙon murya ta waya, ina yi ina haɗiyar kunya. Zuwaira kuwa na taka na je har gidanta a Gobarau. Muka gaisa, ta tambayi maigidana Alhaji, ta tambayi amarya, ta tambayi hidima, ta kawo mini ruwa. Yazid na kan cinyarta yana wasa da carbinta. Na yi ta kewaye-kewaye, ni da ba a san ni da kewaye ba, daga ƙarshe na faɗa.

Ta dube ni ta ce, "Sa'a, jikana ne mai ciwo?"

"Ba shi da ciwo. Ina tsoron a shafa mashi ne."

"Wa ya ce?"

"Jamila ta yi lissahi."

"Lissahi." Ta maimaita kalmar kamar ta ɗauko ta daga shara. "Yarinyar da na yi ma kitso da hannuna ita za ta lissafa ni waje daga bikin ɗiyata? Ke kuma kika ɗauko ƙafa kika zo ki hwaɗa mani?"

Ta tashi ta buɗe durowa, ta ɗauko ankon da na ba ta, ɗinkakke, ta ajiye a gabana. Ba ta raka ni ko zaure ba. Na fito ina share hawaye da bakin mayafi, ina zagin Jamila da kwamfutarta a zuci har na iso gida.

Gari kuwa ya samu abin yi. Wasu suka ce Hajiya Sa'a ta zama Baturiya. Wasu suka ce tuwon ne ba zai isa ba take neman rage baki, kuma wannan ta fi yi mini ciwo. Don haka ranar wuni na sa aka cika kuloli da tuwon shinkafa da miyar taushe da nama, aka bi duk gidan mai goyo aka kai mata nata. Na Zuwaira ya dawo yadda aka kai shi.

Bikin ya yi jama'a, amma ɗakina wani iri. Ba kukan jariri, ba mai neman inda za ta shanya tsumma, gadona shimfiɗe ba kowa a kai. Na rasa inda zan sa kaina, sai na ja kujera kusa da zaure ina tarbar baƙi. Bayan azahar sai ga Zulaihat, matar ɗan wan mijina, daga Kambarawa. Na ga hijabinta ya yi tudu ta baya, kuma tudun yana tari.

Na ce, "Zulaihat, ba ki ji saƙona ba?"

Ta ce, "Na ji, Hajiya, ai wannan ya wuce shekara. Mura ce ke damun shi, ga haƙori. In kwantar da shi ɗakinki kawai, barci zai yi."

Na ɗaga hijabin. Idanun yaron jajur suna ruwa, hanci na zuba, jikinsa kamar an ciro shi daga murhu. Na tambaye ta ko an yi masa allurar ƙyanda, ta ce ranar da masu yi suka zo ba ta gida. Wallahi zuciyata ta ce in bar ta ta shige, dangin miji ne, ga mutane na kallo. Amma na riga na rasa Zuwaira a kan wannan magana, ba zan rasa ta a banza ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba za ta shiga ba.

Ta fashe da kuka, ta ce an wulaƙanta ta a gaban jama'a. Jamila ta fito da ankonta da lallenta, ta lallashe ta, ta tare Keke Napep suka wuce asibiti tare. Ba a daɗe ba ƙuraje suka feso wa yaron tun daga bayan kunne. Ƙyanda ce. Ya sha jinya, har sai da aka sa masa iska, amma Allah ya tashi kafaɗunsa.

Cikin azumi ciwon ya tashi a gari kamar yadda aka faɗa, ko da yake bai kai tsawon da Jamila ta ji tsoro ba. Ta ce an tura masu allura tun da wuri zuwa unguwannin da lissafinsu ya nuna, wataƙila shi ya rage, wataƙila kuma da wani dalilin. Duk da haka na je gaisuwa a bayan layinmu, ta wata jaririya da na taɓa ɗauka ranar sunanta. Cikin gidajen da na aika wa tuwo kuwa ban je gaisuwa ko ɗaya ba. Na tambayi Jamila yara nawa muka tsirar. Ta ce, "Ba zan iya ƙirga maki ba, Gwaggo. Wanda bai kamu ba ba ya shiga rahoto."

Zuwaira ba ta kira ni ba har azumi ya ƙare. Kunun da take aiko mini kowace shekara bai zo ba, nawa da na aika ba a ce an gode ba. Ranar Salla na yi ta duban ƙofa kamar sabuwar amarya. Na yi kewarta ƙwarai, kuma na fara sa wa raina cewa shi ke nan.

Bayan Salla da 'yan kwanaki ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji sallamarta. Ta shigo da Yazid a baya, ta zauna a bakin tabarma ba tare da ta dube ni ba. Muka gaisa kamar baƙi, lafiya lau, lafiya lau. Ta ce daga asibiti take, ya cika wata tara an yi masa allurar. Na ce madalla.

Can ta ce, "Na haɗu da Zulaihat a layin allura, ta kawo ƙaramin ɗan maƙwabciyarta. Ta ba ni labari." Ta ɗago ta dube ni. "In da kin bar ta ta shiga, ina za ta kwantar da ɗanta?"

Na ce, "Bisa gadona."

"Inda nike kwantar da Yazid."

"Nan."

Sannan ta kwance majanyi a hankali, ta zagayo da yaron, ta miƙo mini shi, ita da ba ta ba kowa. Ta ce, "Riƙe shi, Sa'a. Na binne uwarsa. Da na binne shi ban san ina zan sa kaina ba."

Na karɓe shi. Ya yi nauyi, ya yi ƙiba, jikinsa sanyi ƙalau, ya kama ɗankunnena yana ja. Na yi hamdala a fili har sau nawa ban sani ba, muka yi kukanmu mu biyu kamar yara.

Da muka share fuska Zuwaira ta ce in kira mata yarinyar nan. Na danna waya na sa a kunnenta. Na ji muryar Jamila tana gaisuwa a tsorace, tana jiran faɗa. Zuwaira ta ce, "Jamila, ni ce. Allah shi yi maki albarka. Allah shi ba ki masu yi maki." Ta miƙo mini wayar, ni kuwa sai amin kawai nake ta faɗa yaron yana jan kunnena.