Injin da ke Rumbun Magagi

Mijin yayata, Magagi, mutum ne da in ka ba shi ajiyar allura sai ya gina mata ɗaki. Ni ƙanen matarsa ne, wasa ke tsakaninmu, don haka na sha faɗa masa wannan maganar a gaban idonsa. Dariya kawai yake yi, ya ce, "Albarka, kai dai lakkwal ta ɓata ka." Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, a Filinge, mushe kamar yadda yara ke kiranmu da Faransancinsu. Shi kuma manomi ne a wani ɗan ƙauye arewa da gari, can kan tudu inda rijiya ke da zurfi.

A daminar da aka samu mulkin kai wani ƙaramin jirgin sama ya sauka tsakiyar gonarsa, ya kwantar masa da gero, ya karya fiffike ɗaya. Jirgin katako ne da zane, ka ce abin wasan yara. Wani dogon Anasara ya fito daga ciki yana karkaɗe wando, ko ƙwarzane bai yi ba. Ƙauye ya sa masa suna Dogo. Ya yi ƴan kwanaki yana cin tuwon yayata Muna, yana jiran mota, amma ruwa ya cinye hanya, mota ba ta zo ba. Da ya gaji da jira sai ya kwance injin da farfelarsa. Magagi ya fasa wa rumbunsa na laka ƙofa, aka ɗaure injin a kan kututture a ciki. Dogo ya nuna masa yadda zai riƙa juya farfelar da hannu, da inda zai ɗiga mai don kada tsatsa ta kama. A gaban liman Magagi ya ɗora hannu a kan ƙarfen ya ce ya karɓa. Dogo ya hau raƙumi, ya dafa ƙirjinsa, ya juya yatsa a sama, ya nuna ƙasa. Kowa ya gane: zai dawo.

Bai dawo ba. Gara ta ci katakon, mata suka raba zanen, inji ya zauna. Shekara goma sha wani abu Magagi yana zuba geronsa a rumbun zana, babban rumbun kuwa na baƙo ne. Duk Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya shiga ya juya farfela, ya ɗiga mai. Ni nake aika masa da baƙin mai daga garejin Filinge, ina aikawa ina tsaki.

Abin dariya ne a wurinmu har lokacin da fari ya zo. Damina ta ƙi, ta sake ƙi. Shanun Fulani suka faɗi a bakin hanya, rijiyar ƙauyen ta koma sai an kwarfa, mutane suka fara ɗaure kaya suna gangarowa gari inda ake rabon jar dawa. Na share ɗaki a gidana, na tafi ɗauko yayata da mijinta. Na tarar Muna ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Magagi ya ce, "Ka tahi da yayarka. Ni ina da ajiya."

Na ce, "To mu ɗauki ajiyar a kan amalanke."

"A'a. Inda anka aje abu, nan mai shi ka zuwa biɗa nai."

Na juya wajen Muna. Ta ce, "Ni in tahi in bar shi, wa ka dama mai hura? Ƙarhen?"

Na koma Filinge ni kaɗai, ina zagin jirgi da mai jirgi da wanda ya fara ƙera jirgi a duniya. Abin da nake iyawa shi ne in aika musu da ɗan abin da na samu duk ranar kasuwa, in ko an rasa mai zuwa can sai in kwana da zullumi.

Ana cikin bazara sai aka aiko daga ofishin kumandan, mai mulkin gari, wai ana neman tafinta. Na je na tarar da Anasaru biyu, tsofaffi, mata da miji, tsaye kusa da wata tsohuwar landiroba. Namijin gajere ne mai gemu, hannunsa duk tabon aiki. Matar kuwa, wadda kowa ya kira Madam, ta ce da ƙuruciyarta ita ma ta tuƙa jirgi. Wai suna da ƙungiya a ƙasarsu, ta masu son tsofaffin jirage, suna tattara su a wata rumfa suna gyarawa. Na dube su, na dubi matan da ke jere da ƙwarya a ƙofar ofis, na ce a raina lallai duniya faɗi gare ta.

Mai-Gemu ya ce jirgin wani abokinsu suke bin sawu. Abokin ne ya ƙera shi da hannunsa don gwaji, ba a yi na biyunsa ba. Shekaru ke nan ƴan ƙungiyar suna gardama a kan injinsa: wasu sun ce sabo ya saya, shi kuwa Mai-Gemu ya rantse daga wani tsohon jirgin koyo na kafin yaƙi ya ciro shi. Sun ji labarin jirgin ya faɗi a nan yankinmu na Kurfai. Ko akwai wanda ya san inda ɓaraguzansa suke?

Na ce, "Ɓaraguzai? Ku hau mota." Ban taɓa son Anasara irin na ranar nan ba.

Da hantsi muka isa. Ƙauyen shiru, gida uku kawai ke da hayaƙi. Magagi ya fito, ya dubi motar, ya dubi baƙin, ya koma ciki ya sako rigarsa ta Juma'a. Muna ta kawo musu ruwa a ƙwarya, ja ne wur, suka sha ba su yamutsa fuska ba, na ƙara ganin girmansu.

Aka buɗe rumbu. Mai-Gemu ya sunkuya ya shiga, ya tsaya cak. Ya miƙa hannu ya taɓa farfelar, ya ɗan tura, ta juya sumul, injin ya yi wani ɗan numfashi. Sai ga hawaye cikin gemu. Madam ta goge wani ɗan farantin tagulla a gefen injin, ta karanta lambar da ke kai, ta sake karantawa. Mai-Gemu ya yi tsalle har kansa ya bugi rufin rumbun. Shi ke da gaskiya, na tsohon jirgin koyon ne, kuma wai a kansa ita kanta Madam ta fara koyon tuƙi. Suka auna nan, suka ɗauki hoton can, suka tambayi Magagi yadda jirgin ya sauko, shi kuma ya ba su labari da hannu da ƙafa, ina fassarawa. Muna ta shiga ɗaki, na jiyo tana harhaɗa ƙwarya da tukunya.

Da suka gama sai Mai-Gemu ya kama hannun Magagi da hannu biyu ya yi godiya, suka nufi mota.

Magagi ya ce, "Albarka, ina za su? Ba su ɗauka ba."

Na tambaye su. Madam ta ce ai ba ɗauka suka zo yi ba, gani suka zo yi. Injin ba nasu ba ne. Dogo ya rasu tuntuni, ciwo ya kwantar da shi jim kaɗan bayan komawarsa. Kuma su ba za su shigo gidan mutum a shekarar yunwa su raba shi da abin da ya fi so ba.

Abin da ya fi so! Na ji kamar in ɗora hannu a ka. Na fassara. Magagi ya yi wa Dogo addu'ar da ta dace, sannan ya ce, "To sai magada nai su taho."

Madam ta ce bai bar ɗa ba, bai bar mata ba, ba shi da ɗan'uwa da aka sani.

Magagi ya ce, "Allah shi kawo su," ya juya zai rufe rumbu.

A nan Muna ta fito da tukunya a hannu. Ba ta dubi mijinta ba, ni ta duba. "Tambaye su, da yam mutu, wa yad ɗauke shi zuwa kushewa?"

Mai-Gemu ya ce su ne, ƴan ƙungiya.

"Kayan aiki nai hwa? Maƙeri in ya mutu ba a yadda guduma tai. Wa ar riƙe da su?"

Mai-Gemu ya laluba aljihu ya fito da makullai, ya ware wani ƙarami mai tsatsa. Na rumfar aikin Dogo ne. Kafin ya cika shi ya damƙa masa, da duk abin da ke ciki.

Muna ta ajiye tukunya. "Maigida, wanda yar rufe mutum, an kuma ba shi makulli, in ba magaji ba ne mi a shi?"

Magagi ya karɓi makullin, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce a kira masa shaidu. Liman ya riga ya bar gari, sai aka samo tsoho Sambo, Bafulatanin da shanunsa suka ƙare, ni na zama na biyu. Magagi ya kama hannun Mai-Gemu ya ɗora a kan injin, ya ce sai ya faɗa da bakinsa. Na koya masa, ya faɗa da Hausarsa mai karkata: "Na karɓa." Magagi ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa fuska, ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

Mai-Gemu mutumin kirki ne, kuma kirkin nan ya kusa kashe mu. Ya ce tun da yanzu nasu ne, motarsu kuma ƙarama ce, suna roƙon wannan dattijo mai amana ya riƙe musu shi kaɗan. Ya dafa ƙirjinsa, ya juya yatsa a sama, ya nuna ƙasa.

Ban ko kai ga fassarawa ba. Muna ba ta jin Faransanci, amma ta san wannan yatsar. Magagi ya fara ɗaga hannu zai kai kan ƙarfen, ta yi wuf ta shiga tsakani, ta kama yatsar Anasaran da hannunta ta mayar masa da ita aljihu. "Hwaɗa mishi," in ji ta, "mun ga irin wagga. Yau za shi hita, ko a kaina."

Madam ta riga mijinta ganewa, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Aka sauke akwatunansu aka ɗaure a bisa rufin mota, aka kwance farfela, mu huɗu muka cicciɓi injin muka tura baya. Muna ta zauna a gefensa da tukwanenta, Magagi ya rungume farfelar, tsoho Sambo ma muka matsa masa wuri. Haka muka shiga Filinge da la'asar, yara na bin mu da gudu.

Magagi da Muna suka zauna gidana har ruwa ya sauka. Muna ta murmure, ta koma yi mini faɗa kamar da, na ji daɗin kowace kalma. Daminar kuwa Allah ya yi ta da kyau. Suka koma ƙauye suka shuka, Magagi ya toshe rabin ƙofar da ya fasa, bayan girbi ya loda damman gero a babban rumbun.

Na kai musu ziyara wata Juma'a. Da muka sauko daga masallaci ni da Magagi, muna cikin hira, sai na ga ƙafarsa ta karkata ita kaɗai ta nufi rumbu. Na bi shi. Ya zura hannu ciki daidai inda farfela take a da, ya tsaya, hannun na lalube. Na shirya tsokana a bakina, amma na haɗiye ta. Can ya zaro zangarniyar gero guda, doguwa, cike da tsaba, ya duba ta, ya miƙa wa Muna da ke zaune tana tankaɗe.

Ta murza ta a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta watsa tsabar a baki. Ta ce, "Wanga baƙo kam ana cin shi."