Samulin Khala Kabira

"Rufe ƙofar tukuna," in ji Khala Kabira. "Dalal tana da hanci."

Rumasa'u ta tura ƙofar ɗakin da ƙafa, ta zuge jakarta, ta zaro abin da ta ɓoye a ƙarƙashin ɗankwali. Samuli ne, dogon burodin nan na Makka, an tsaga cikinsa an cusa kibda, wato soyayyiyar hanta, mai har ya fara ratsa takardar. A titin Mansur ta tsaya ta saya kafin ta hau taksi zuwa unguwar Shisha.

Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu. Ƙafafunta a kumbure suke bisa matashi, numfashinta yana fita da ƙyar, amma idonta ras. Ta gutsura, ta tauna, sai ta tsaya. Ta buɗe cikin burodin ta leƙa.

"Wannan farin abin fa?"

"Mayonis ne, Khala. Haka suke yi yanzu."

"Ga dankali. Ga jan abin nan na yara." Ta tofar a takardar. "Hantar kuma an soya ta har ta koma fatar takalmi. Wa ya yi wannan? Ba shi da uwa?"

Rumasa'u ta yi dariya. Tun tana yarinya take jin wannan muryar ta katanga. Gidansu da na Khala Kabira bango ɗaya suka haɗa a kan dutsen Nakkasa, kuma da mahaifiyarta ta rasu, a ƙofar Khala ta ci gaba da karyawa. Duk wanda ya tashi a layin ya san ƙofar: kibda da safe, tsire da yamma, duka a cikin samuli. Larabawa suna cewa sire, ita kuwa ba ta taɓa yarda ba. "Tsire," haka take gyara musu, "kakannina suka kawo shi a ƙafa daga ƙasar Kano, kuka ci kuka ɓata masa suna." Idan wani ya yabi na Jidda mai jatan lande, sai ta nuna masa hanyar tasha.

Yanzu an shafa jan fenti a bangon layin gaba ɗaya, an rubuta izala, za a rushe. Rumasa'u ta riga ta kwashe kayanta zuwa wani ɗaki a Mansur. Khala kuwa ta ƙi motsi sai da zuciyarta ta kayar da ita, ɗanta Nawaf ya ɗauko ta daga asibiti ya kawo ta shiggarsa, gidan da yake zaune a hawa na huɗu na wani bene. Likita ya hana gishiri, ya hana mai, ya hana yaji.

"Rumasa'u."

"Na'am, Khala."

"In har abin da likita ya hana ne zai kashe ni, to, nawa zai kashe ni, ba na wani ba. Miƙo min abayata."

"Khala, don Allah. Nawaf ya yarda da ni shi ya sa yake barina in shigo. In wani abu ya same ki a hanya, ina zan sa kaina?"

"Wani abu yana samuna a nan ma, kullum, da cokali." Ta nuna kwanon dafaffen kabewa da ke kan tebur. "Za ki kai ni, ko in sauka da rarrafe? Kin san zan iya."

Ta san za ta iya. Ta ɗauko abayar.

A falo suka ci karo da Dalal, matar Nawaf, da kayan wanki a hannu. Ta dubi surukarta, ta dubi Rumasa'u. Hausarta ba ta da yawa, da Larabci ta tambaya ina za su. Khala ta amsa da kalma ɗaya: "Gida." Dalal ta ajiye wankin, ta turo keken guragu daga lungu, ta zuba magungunan a leda ta rataya a hannunsa.

"Dole in gaya masa," ta ce a hankali. "Amma sai na yi sallar azahar."

A Mansur, Khala ba ta sauka daga taksi ba, ta taga ta yi cefane. Mahauci ya kawo hanta ta mayar, ya sake kawowa ta shinshina ta ce wannan ta rago ce, ta yau ce, a yanka sirara. Ta sa aka sayo nama, albasa, tumatir, koren barkono da lemon tsami. Yajin ƙuli a wurin wata 'yar Damagaram aka karɓo, sai da ta lasa ta ce a ƙara citta. Samulin kuwa sai da aka jira fitowarsa daga wuta, Rumasa'u ta rungumo shi yana ƙona mata ƙirji.

Mota ba ta hawa Nakkasa har sama. Inda kwalta ta ƙare, matakala ce ta siminti tana lanƙwasa tsakanin gidaje, rabinsu babu ƙofa babu taga. Can ƙasa wata katafila tana cin bango, ƙura tana tashi. Rumasa'u ta tsaya da keken a gindin matakalar, ta rasa yadda za ta yi.

"Kira min Majid," in ji Khala. "Na san bai tashi daga layin ba. Taurin kansa irin nawa ne."

Majid mai gyaran famfo ne, yana cikin 'yan tsirarun da suka rage a layin. Ya sauko da singileti, ya ga wadda ke cikin keken, ya dafe kai.

"La ilaha illallah! Khala, an ce kina mustashfa, a hannun likitoci!"

"An ce. Ɗauke ni."

Ya kira maƙwabcinsa, wani ɗan Burma, suka cicciɓi keken suka hau da ita, tana faɗa musu inda matakala ta karye tun kafin su iso wurin.

An yanke wutar gidan Khala, amma tukunyar gas tana nan da saura. Rumasa'u ta share bakin ƙofa, ta jawo murhu da faffaɗan kaskon ƙarfe zuwa gaban keken. Khala ta karɓi cokali. Albasa ta fara shiga, sai da ta yi laushi, sannan barkono da tumatir. Hanta ce ƙarshe, ta juya ta kaɗan ta janye gefe tun cikinta yana da sauran ja. Ta barbaɗa gishiri da yatsu uku ba tare da ta dubi kowa ba. Samulin da babban yatsa take tsaga shi, ta kifa shi a kan man kaskon ya ɗan gasu, ta cika shi, ta matsa lemon tsami.

Ƙamshin ne ya yi shela. Mata suka fara leƙowa daga gidajen da Rumasa'u ta ɗauka babu kowa a ciki. Wani tsoho ya zo da sanda, ya zauna a dakali kamar jiya ya bar wurin. Kafin a ɗora tsiren, leburorin rusau sun hauro su ma, da hulunan kwano masu ruwan ɗorawa, suka tsaya nesa suna kallo.

Majid ya ɓata rai. "Waɗannan ba za su ci ba. Jiya suka rushe ɗakin da aka haife ni a ciki."

"Ba su suka shafa fentin ba," in ji Khala. "Ba su. Kowa guda, ka cika musu yaji. Su ci su san abin da suke rushewa."

Ana cikin haka Nawaf ya iso, farar rigarsa ta yi ƙura har gwiwa, yana haki. Bai gaida kowa ba. Kan Rumasa'u ya yi, da Larabci, murya a sama: ta ci amanarsa, ta ɗauko mara lafiya ta kawo ta cikin ƙura da hayaƙi, in uwarsa ta mutu a nan ita ce. Rumasa'u ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ni na kawo ta," ta ce. "Da za ta sake tambayata, zan sake kawo ta."

"Nawaf." Khala ba ta ɗaga murya ba, kuma da Hausa ta yi maganar, kamar yadda ta saba ko da ya amsa mata da Larabci. "Zan mutu. Na ji abin da likita ya gaya maka a bakin ƙofa, ciwon zuciya gare ni, ba kurumta ba. Ka yi min gado mai laushi, Allah ya yi maka albarka. Amma ba a gado na yi rayuwata ba. Zauna."

"Ya ummi..."

"Zauna, na ce."

Ya zauna a dakali kusa da tsohon mai sanda. Ta tsaga samuli, ta jera tsire a ciki, ta ɗora albasa ɗanya, ta zuba yaji fiye da na kowa, ta miƙa masa. Ya karɓa. Da ya gutsura, idonsa ya kawo ruwa, ya goge da hannun riga.

"Yaji ya yi yawa," ya ce. Da Hausa ya faɗa, tana karyewa a bakinsa.

"Haka kake ci kana yaro. Cinye."

Na ƙarshe nata ne. Kibda ta zuba, ta ƙara gishiri a gaban idon ɗanta, ta ci a hankali tana lumshe ido, har ƙarshen burodin, ta lashe yatsu. Aka kira la'asar daga wani masallaci da bai riga ya faɗi ba. Rumasa'u ta zuba mata ruwa ta yi alwala, ta juya keken ya fuskanci Harami, ta yi sallarta a zaune. Da ta sallame ta ce a matsar da ita jikin bango, inda inuwa take.

"Ki kankare kaskon tun yana da zafi," ta ce wa Rumasa'u. "Bari in ɗan huta."

Rumasa'u ta durƙusa tana kankara. Tana jin numfashin tsohuwar a bayanta, mai nauyi, mai ɗan kurari, har ta saba da shi. Ba ta san lokacin da ya tsaya ba. Shirun ne ya sa ta waiwaya. Kan Khala ya jingina da bango, hannayenta a kan cinya, da ɗan yaji a gefen leɓenta. Rumasa'u ta sa bakin mayafi ta goge shi, ta shafa idanun suka rufu, sannan ta kira Nawaf.

Motar asibiti a gindin dutse ta tsaya, ma'aikatanta suka hauro da gadon ɗaukar mara lafiya. Ba a bar su sun ɗauka ba. Nawaf ya kama gaba, Majid da ɗan Burma suka kama baya, sauran maza suka bi suna karɓar juna. Rumasa'u ta tsaya a bakin ƙofa tare da mata, tana kallon saukarsu. A lanƙwasa ta biyu wani lebura ya cire hular kwanonsa ya ajiye a kan matakala, ya sa kafaɗa. Katafilar da ke ƙasa an kashe ta, ƙurar tana sauka a hankali. Suka ɓace a bayan wani bango, hular tana nan inda ya bar ta.