Thamad, Ruwan Ƙoramar Barmu

…rabin labarin ya zube mini, Haula, Allah ya jiƙanki, ba zan ɓoye miki ba. Shekarar ta tafi. Sunan mai jakin da ya kai mu Barmu ya tafi. Haruffa uku suka rage: sa mai ɗigo uku, mim, dal. Thamad.

Ɗazu a zaure na ambaci kalmar, na buɗe baki in fassara — shiru. Ɗalibai manya, masu gemu, suka sunkuyar da kai. Zuhura 'yarmu ta ji daga cikin gida. "Baba, ka huta hakanan. A bar ma Ma'azu karatun." Ma'azun da na koya wa alif… To ni in zauna ina?

Ran nan a Barmu, ƙorama ta bushe, ga ki durƙushe, kina amarya, kina tonon yashi da hannu. Rami har gwiwar hannu. Sai jira. Ruwan na tsattsafowa kamar mai kunyar surukai, ki ɗebe da ƙoƙo, ki juye a tulu, ki sake jira. Wanda ya nutsa ƙoƙo da gaggawa laka zai sha. Ni ina tsaye da littafi a hammata, ba ni da amfanin komai.

"Malam, mi Larabawa ka ce ma wanga ruwa? Ko su ba su ƙishirwa?"

Na faɗa miki. Na tabbata na faɗa… kika yi dariya, kika ce sunan ya fi ruwan nauyi. Ko Salamatu ƙanwarki ce? A'a, ke ce. Da kwalli a idonki — ithmid, shi ma a ƙarƙashin haruffan nan ake samunsa. Dutsen kwalli da ruwan rami, gida ɗaya. Me ya haɗa su? Ban taɓa ganewa ba.

Nan garin Tawa yanzu famfo ne, a murɗa ya zubo. Wa ke jira?

In wannan ma kaina ne ya ƙaga, Zuhura ta yi gaskiya, sai in naɗe buzuna.

Bayan la'asar na sa Ma'azu ya buɗe ƙamus, idona ya daina ɗaukar ƙananan baƙaƙe. Ya karanta: ruwa kaɗan da ke taruwa a rami, ba shi da idon da ke ƙara masa. Daidai, Haula. Daidai na faɗa miki.

Sai yatsansa ya tsaya a kan layi na gaba.

"Karanta mana."

Bai ɗago kai ba. "An ce kuma, Malam, shi ne ruwan da ke fitowa da sanyi, ya ƙafe da bazara."