Baba Tela da Matuƙin Jirgi

"Tsaya! Koma baya," in ji Baba Tela. "Wa ya miƙa mata jakar a filin jirgi?"

"Matuƙin, Baba."

"Ato! Shi ne munafukin. Ni na gaya maka."

Tun da idanunsa suka mutu, ni maƙwabcinsa nake karanta masa wani littafi da yamma, in na rufe shagon aski. Labarin wata 'yar jarida ne mai bin sawun ƙungiyar asiri, daga birnin ƙanƙara zuwa tsibiri, daga tsibiri zuwa hamada, alhali wani na jikinta yana sayar da ita. Baba bai taɓa hawa jirgi ba, amma daga gadonsa na jinya yake ba ta umarni. "Kada ki shiga motar nan, 'yar nan! Kai, taurin kai kamar Auta!"

Ranar nan Auta, 'yarsa, ta tare ni a bakin ƙofa. "Likita ya ce a tara 'yan'uwa. Ga su a falo, ya ƙi kula kowa sai ya ji ƙarshen littafin. Don Allah ka ƙarasa masa."

Na riga na leƙa ƙarshen. Ba matuƙin ba ne. Sai na buɗe babin ƙarshe, na kafa ido, na shiga ƙirƙira. Na sa aka ritsa matuƙi a kan gada, aka buga masa ankwa, yana kuka yana tonon asiri.

"Mai aski."

"Na'am, Baba."

"Wane irin shafi ne wannan da ba ya ƙarewa? Tun ɗazu ban ji ka juya takarda ba. Ido na rasa, ba kunne ba. Karanta mini na gaskiya."

Na karanta. Ashe munafukin editanta ne, wanda ya koya mata aiki.

Sai ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi. "Marubucin nan bai iya sana'a ba! Ya auna matuƙi, ya yanka, ya ɗinka, ya je ya saka wa edita rigar." Ya numfasa. "Yarinyar dai ta tsira?"

"Ta tsira, Baba."

"Madalla. Auta, kira mini yayyenki."

Washegari da hantsi ya cika.

Da muka dawo daga maƙabarta na leƙa ɗakin. Littafin na kan kekensa na ɗinki, a rufe. Ƙyallen da muke sa alama da shi yana gefe, a ninke.