Bahon Inna a Cikin Rafi

A gidansu ba wanda ya ɗauki karatun Auta da muhimmanci. Da yayanta makanike ya ga ta shigo da takalmin roba duk laka, sai ya ce, "Inna, ga mai auna tusar rafi ta dawo." Inna takan ce Allah ya shirye shi, amma ita ma dariyar take yi.

Kuma bai yi ƙarya sosai ba. Auta tana nazarin metan ne, iskar da ke fitowa in ganye ya ruɓe a ƙarƙashin laka, mai kama wuta, wadda in ta haura sama take ƙara wa duniya zafi. Ta kafe a kan cewa rafin bayan jami'a yana fitar da ita da yawa. Kwalaben ruwan da take kaiwa ɗakin gwaji kuwa kullum kunyata ta suke yi, na'ura sai ta nuna abin da bai taka kara ya karya ba.

"Rafin nan ba komai a cikinsa," in ji Farfesan da ke duba aikinta. "In zangon nan ya ƙare a haka, ki sake batu, ki faro daga farko."

Shi ne ya koya mata ƙa'idar ɗibar ruwa: in ka shiga rafi, ka tsaya cik har laka ta kwanta, kumfa ta wuce, sannan ka cika kwalba, don kada datti ya ɓata gwaji. Ran nan da ta koma rafin, haushi ya sa ta taka da ƙarfi, ƙafarta ta nutse har gwiwa. Kumfa ta taso ta ko'ina, ɓul-ɓul-ɓul. Ta tsaya tana jira ta wuce kamar kullum, sai kuma ta dafe kai. Ashe abin da take nema ne take tsayawa da ladabi tana raka shi da ido! Ta hau gaɓa ta zuba wa ruwan ido. Can inda ba ta taka ba ma kumfar na tasowa jefi-jefi, ta fashe, ta bi iska. Kwalba ba ta taɓa kama ta ba.

Ta sace bahon wankin Inna. Yayanta, yana yi yana tsokana, ya huda gindinsa ya sa masa ɗan famfo. Ta cika shi da ruwa ta kifa shi cikin rafin don kumfar da ke tasowa ta taru a cikinsa, ta ɗaure da igiya a turaku, ta bar shi kwanaki ba ta taka wurin ba.

Da ƙyar Farfesa ya yarda ya zo, yana ta kaffa-kaffa da takalminsa mai sheƙi. Suna isa sai ga Inna, yayan ya tona asiri, ta biyo bahonta tana sababi. Auta ta murɗa famfon, ta ƙyasta ashana.

Fuu! Harshen wuta shuɗi ya miƙe a kan ruwa, ya tsaya yana ci.

"Innalillahi!" in ji Inna. "Wuta a ruwa?"

Farfesa bai san lokacin da ya shiga laka ba, takalmi da komai. Ya durƙusa yana kallo har wutar ta mutu.

"Ba ke za ki sake batu ba," ya ce. "Ni zan sake ƙa'ida. Irin bahon nan nawa kike buƙata?"

Daɗi ya kama Auta, tana dariya hawaye na zuba. Ta juya ta fara kwance igiya. "Inna, ki yi haƙuri, yanzu zan wanke miki shi."

Inna ta daka mata tsawa. "Ke, saki igiyar nan! Wa ya ce ki taɓa? Akwai wani a gida, gobe yayanki zai huda shi."