Kwalbar Ƙasa Daga Gida

Tun ranar da likita ya ce ƙugun Mama ba zai gyaru ba ta tsiro da zancen Beljiyam. Wai sai ta je kabarin ubanta kafin tafiya ta gagare ta. Shekararta tamanin, ba ta taɓa ganin mutumin ba, tana cikin uwarta aka harbe shi a yaƙi, a hunturun 1944. Abin da ya je yi ƙasar mutane da bindiga, ba wanda ya taɓa gaya mana, ni kuma ban ɗauke shi gwarzo ba.

Ni birkila ne, Asabar kaɗai nake hutawa. Na ce, "Mama, ƙasusuwa ne fa. Ba zai san kin je ba."

Ta ce, "Kai ma ba abin da ka sani, Reinhold, amma ina zuwa gidanka. Ɗauko mota."

Awa uku muka yi a hanya, tana rungume da kwalbar zuma a cinya. Ba zuma a ciki, jar ƙasa ce. A wurinmu wanda aka binne a ƙasar wasu, ana kai masa ƙasar gida. Wannan ta tono ta ne a gindin tuffar da ubanta, Kaka Anton, ya dasa, mako ɗaya kafin a rushe gidan a malale wurin da kwalta. Shekara ashirin da biyu kwalbar na cikin kabad. Babu inda za a samo wata.

A ɗan ɗakin bakin ƙofar maƙabartar sojojin na buɗe littafin sunaye. Anton Wiesbrock, sashe na talatin da ɗaya, lamba ɗari biyu da sha biyu. Muka shiga a hankali, tana dogara sandarta. Gicciye na siminti ne jere har inda ido ya tsaya, layin a miƙe kamar an ja igiya. Duk wanda ya yi aikin nan ya iya awo.

Da muka isa lambar sai ta ce in koma mota in ɗauko mata matashi, za ta durƙusa. Motar da nisa. Ko da na dawo har ta durƙusa a kan rigar sanyinta, ta juye kwalbar kaf, tana shafa ƙasar da tafin hannu tana magana ƙasa-ƙasa.

Na duba sunan da ke gabanta. Egon Palutzki.

Na zagaya bayan gicciyen. Ga Anton Wiesbrock nan.

Wata mata mai gyaran ciyawa tana kusa da keken shararta. Na yafito ta, na nuna mata fuskokin biyu. Cikin Jamusancinta na koyo ta ce, "Gicciye ɗaya, mutum biyu. Kowa yana kwance a gefen sunansa." Ta kalli Mama, ta kalle ni, ta ɗora yatsa a baki.

Na gane abin da take nufi. In na yi shiru, Mama za ta koma gida da ranta fari. Amma ni ko bango na gina a karkace sai na faɗa wa mai gida.

"Mama, ba shi ba ne."

"Ɗari biyu da sha biyu! Ko lambar ma ba ka iya karantawa?"

"Lambar daidai take. Su biyu ne. Kaka yana ta baya. Ina tabaranki?"

"A jaka. Zan zo gaban ubana da ido kamar na mujiya ne?"

Na ciro na sa mata. Ta karanta sunan harafi-harafi, leɓenta na motsi. Sai ta dubi kwalbar da ba komai a ciki. Na yi zaton za ta yi kuka. Ba ta yi ba.

Ta ce, "Duk sirrin gidanmu na kwashe na gaya wa baƙo. Har sakin da ka yi wa Gudrun."

"Ita ta sake ni."

"Shi ma na gaya masa. Tsaye za ka yi kamar turke? Kwashe min ƙasata."

Na sake komawa mota na ɗauko cokalin gini. Ƙasar wurin rairayi ce fara, tamu ja, don haka ana bambancewa, sai dai ta shige cikin saiwar ciyawa, Mama kuma ta danne ta da hannu sosai. Na yi ta kankara a hankali ina zubawa a kwalba. Mai gyaran ciyawar ta juya mana baya, ta kama sharar inda ba datti.

Kwalbar ta kusa rabi Mama ta ce, "Yaushe aka haifi wannan?"

"1927."

Ta ƙirga da yatsu. "Sha bakwai. Ko askin gemu bai fara ba. Bar masa sauran, ya isa."

Tayar da ita ya fi komai wuya. Na ciccibe ta ta hammata, ta zage ni, ta zagi likita, muka zagaya ta baya taku huɗu. Ta gwada lanƙwasa gwiwa, ƙugun ya ƙi. Ta sake gwadawa har gumi ya keto mata.

Ta miƙo min kwalbar. "Kai za ka zuba."

Na durƙusa na zuba a gindin sunan, na baje da cokalin.

"Ba rami kake cikewa ba. Da hannu."

Na ajiye cokalin na shafa da hannu.

"To, gaishe shi."

"In ce me?"

"Faɗi sunanka, sakarai. Bai san da kai ba."

Na cire hula. Na ce, "Reinhold ne, ɗan Irmtraud. Ga ta nan tsaye, ƙugu ne ya hana ta durƙusawa."

Mama ta dafa kafaɗata da hannu ɗaya, ta dafa kan gicciyen da ɗayan. Ta ce, "Baba, ni ce." Sai ta faro labarin tun daga farko, ni kuma ina durƙushe ina tallafe da ita har ƙafata ta yi tsami.